Tsutsa Mai Ƙaya: Ɓarauniya Ce Ko Mai Shara?

A ƙasashen Turai da Amurka da Asiya akwai mutane masu sha'awar kiwon halittun teku a cikin ɗakunansu. Su kan sami akwatin gilashi su cika shi da ruwan gishiri, kimanin giram 35 a kowace lita, daidai da na teku, su zuba rairayi da duwatsu, kana su saki kifaye masu launi, su dasa murjani. Murjanin nan ɗan'uwan wanda mata ke ɗaurawa a wuya ne, sai dai shi da ransa a ke ajiye shi, gama murjani dabba ne, ba dutse ba. Kiwo ne mai cin kuɗi da haƙuri, don wani irin murjanin sai ya shekara bai ƙaru da inci guda ba.

To, akwai wata mas'ala da ta daɗe tana raba kan masu wannan kiwo. Duwatsun da a ke sa wa cikin akwatin, da yawansu daga teku a ke ɗebo su, da jiƙarsu da dukan abin da ke maƙale cikin kofofinsu. Bayan 'yan watanni, in mutum ya haska tocila da dare, sai ya ga waɗansu tsutsotsi suna fitowa daga ƙarƙashin dutse, jikinsu gaɓa-gaɓa kamar shanshani, da fararen ƙayoyi jere a kowane gefe. Waɗansu suka ce annoba ce, a kashe. Waɗansu suka ce a'a, baran gida ne wanda ba ya karɓar lada.

Tsutsotsin nan dangin tana ne da matsattsaku, kuma masana sun ƙidaya irinsu fiye da 10,000 a tekunan duniya. Saboda haka wanda ya yi musu hukunci guda ya yi gaggawa, domin kama da wane ba wane ba ne.

Wadda aka fi samu cikin akwatuna ita ce mai suna Eurythoe complanata a bakin masana. Launinta ja-ja ne, ko toka-toka, tsawonta galibi 'yan inci kaɗan. Abincinta mushe, da kashin kifi, da ragowar abincin da ya faɗa tsakanin duwatsu inda hannu ba ya kai. Fa'idar wannan babba ce. Duk abin da ya ruɓe cikin ruwa ya kan saki amoniya, ita kuwa dafi ce ga kifi, kaɗan daga cikinta ya isa ya halaka abin da ke cikin ƙaramin akwati. Tsutsar tana cinye mushen kafin ya ruɓe, tana kuma kutsawa cikin rairayi tana motsa shi, kamar yadda tana ke yi wa ƙasar gona.

Dalilin baƙin jininta kuwa shi ne, kifi ya kan mutu da dare saboda cuta ko lalacewar ruwa, gari ya waye mai akwati ya tarar da tsutsotsi sun rufe gawar, sai ya ce ga makasa. Alhali ganin angulu a mahauta ba ya nuna shi ya yanka sa. Warin mushe ne ya kira su, kifi mai lafiya kuwa ya fi ƙarfinsu.

Amma fa wake ɗaya shi ke ɓata gari. Akwai wadda a ke kira tsutsar wuta, watau Hermodice carunculata, wadda masanin nan Bajamushe Peter Simon Pallas ya bayyana siffarta a 1766. Mazauninta ɗumin Tekun Atlantika, musamman wajen tsibiran Karibiyan, da kuma Bahar Rum. Ta kan kai ƙafa guda, tana da jajayen tuntaye a gefenta da wani tsiro mai kama da gemu a ka. Ita murjani mai rai ta ke ci: ta zura kan reshe cikin bakinta, ta tsotse namansa, ta bar farin ƙashi. Har wa yau, a 2003 masu bincike suka nuna cewa a Bahar Rum tana ɗauke da wata ƙwayar cuta mai sa wani irin murjani ya koɗe.

Akwai kuma wadda ta fi ta muni, dangin Eunice aphroditois, mai muƙamuƙi kamar almakashi, wadda a teku ta kan kusa ƙafa 10. Ta kan shigo tana 'yar ƙarama cikin kogon dutse, ta yi shekaru tana girma ba wanda ya sani. A 2009, a gidan nuna kifaye na Blue Reef da ke garin Newquay a kudu maso yammacin Ingila, ma'aikata suka yi ta ganin murjani a gutsure, kifaye da rauni. Suka ɗana tarko bai kama kome ba. Sai da suka kwashe duwatsun ɗaya bayan ɗaya suka iske wata irin wannan mai tsawon ƙafa 4.

Abin da gogaggun masu kiwo ke yi shi ne su bincika kafin su hukunta. Su kan jira dare ya raba, su haska jar fitila, wadda ba ta cika razana tsutsa ba, su duba abin da ta ke ci. In a kan mushe da datti ta ke, a bar ta. In a kan murjani mai rai aka same ta, ko ga gemun nan, ko aka ga muƙamuƙi da 'yan ƙahoni biyar a kanta, sai a cire ta da hantsaki, ko a fid da dutsen ɗungum. Ba a taɓa kowace da hannu tsirara, domin ƙayarta ta kan karye cikin fata ta yi zafi da ƙaiƙayi. Sai da safar hannu. Wanda ta soka ya manna salatif a wurin ya ɗaga, ya zare ƙayoyin, kana ya jiƙa da ruwan khal.

Saura batun yawansu. In tsutsotsi suka cika akwati har suna yawo da rana, to, shaida su ke bayarwa a kan mai shi. Ba su yaɗuwa sai gwargwadon abincin da su ke samu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya sa tarko ya kwashe su, ko ya kawo ƙaguwa da kifayen da ke cinsu, amma bai rage zuba abinci ba, ya kori masu shara ne ya bar sharar, ruwansa kuwa shi zai biya. Wanda ya rage hannu, sai ya ga sun ragu da kansu sannu a hankali.

Hukuncin ke nan: mai cin mushe a bar ta ta yi aikinta, mai cin mai rai a fitar, yawansu kuwa a nemi dalilinsa a hannun mai ciyarwa. Haza wassalam.