Akwatin Gem Na Gida: A Sanda Da Maɓalli Ake Zuba Kuɗi

Jama'a, duk wanda ya bi ta lungunan Abule Egba ko Agege da yamma, bayan an tashi daga Islamiyya, ba zai rasa ganin yara sun yi cincirindo a bakin gidan gem ba. Wannan ne ya sa waɗansu 'yan'uwanmu mazauna Ikko suka fara tunanin gara a ƙera wa yaro akwatin wasan a gida, da ya riƙa yawo inda ba a san iyayensa ba, ko kuwa a kafa shi a bakin shago a sami na cefane. Shawara ce mai kyau, sai dai da yawa kan kashe kuɗin inda bai kamata ba.

Shi wannan akwati ya daɗe. Kamfanin Atari na Amurka ya fito da Pong a 1972, Namco na Japan ya kawo Pac-Man a 1980, sa'an nan Street Fighter II na Capcom a 1991 ya yaɗa al'adar maɓalli shida ga kowane ɗan wasa.

Na'urar ciki ba ta da wuya. Tsohuwar kwamfuta daga Computer Village ta Ikeja ta isa, ko kuwa 'yar ƙaramar nan Raspberry Pi da aka fito da ita a Ingila a 2012. Allon kallo ma, tsohon nan mai kusan murabba'i da ake samu a Alaba ya fi sabon mai faɗi dacewa, domin da irinsa aka tsara wasannin da.

To, inda maganar take shi ne sanda da maɓallai, gama su ne ke shan duka daga safe har dare, kuma hannun yaro ba ya tausayin kaya. Pac-Man sanda mai zuwa kusurwa huɗu yake so, wasannin faɗa kuwa mai takwas. Sandar Sanwa ta Japan tana da faifai a ƙarƙashi wanda ake juyawa ta yi ko wanne. Tana da tsada, ga jabu a kasuwa, amma in za a bi ta tawa, gara mutum ya rage girman allo ya sayi ta ƙwarai.

Kada kafinta ya huda katako sai maɓallan suna hannu. Na Japan ramin milimita 30 suke so, na Amurka 28, rami kuwa in ya yi faɗi ba ya komawa. Haka nan maɓallan da ake cusawa su kama da kansu an yi su ne don farantin ƙarfe; katako mai kauri sai masu noti. A guji katakon garin zarto da aka matse, domin laimar damina ta Ikko, wadda ba irin ta Kano ba ce, kan kumbura shi.

Saura wuta. A sa sitabilaiza, a bar ƙofar iska a baya saboda zafi. Ɗaukewar wuta ba zato kan lalata katin ajiyar Raspberry Pi, saboda haka a kwafi katin tun ranar farko, a adana na biyun a aljihun tebur.