Ƙurar da Ke Cin Ƙashi: Yadda Gaɓar Ƙugu ta Dashe Take Tsufa

Gaɓar ƙugu ƙwallo ce a cikin ƙoƙo. Kan ƙashin cinya a mulmule yake, ya shige wani gurbi a ƙashin ƙugu, fuskar kowanne lulluɓe da guringuntsi mai santsi, ga ruwan gaɓa yana shafe su. Muddin guringuntsin nan lafiya ƙalau yake, mutum sai ya shekara saba'in yana tafiya bai ma san da gaɓar ba. Ranar da ya lalace kuwa, ko ta dalilin amosanin gaɓɓai, ko karaya, ko yankewar jini daga kan ƙashin, sai ƙashi ya koma gugar ƙashi. Idan magani ya gaza, likitocin ƙashi sukan yanke kan, su soka sandar ƙarfe mai ɗauke da sabon ƙwallo cikin ramin ɓargon cinya, su kafa sabon ƙoƙo a gurbin tsohon.

Duk wahalar aikin tana wurin da ƙwallon da ƙoƙon suke haɗuwa. A kowane taku, nauyin da ke sauka a kan gaɓar yakan kai ninki biyu da rabi zuwa uku na nauyin mai tafiyar, kuma mai zirga-zirga yana motsa ta sau miliyan 1 zuwa 2 a shekara. Abin da aka ƙera a masana'anta ba shi da rai, don haka duk abin da ya goge daga jikinsa ya tafi ke nan. Sai dai ba waje ya tafi ba. Dutsen niƙa ma yana cin kansa a hankali, tsakuwarsa ta zube cikin gari. To ita wannan ƙura cikin naman mutum take zuba, kuma a can take zama.

Wanda ya fara gane haka da kyau, kuma ta hanya mai ɗaci, shi ne John Charnley, likitan tiyata a asibitin Wrightington da ke arewacin Ingila. Wajen ƙarshen shekarun 1950 ya nemi abu mafi santsi da aka sani a lokacin, wato Teflon, ya ƙera ƙoƙo da shi. Marasa lafiya kusan 300 ya dasa wa. Da farko abin kamar almara: ciwo ya tafi, gurgu ya miƙe. Cikin shekara biyu zuwa uku sai ƙoƙunan suka cinye, garinsu ya taru ya haddasa mummunan kumburi, ya ci ƙashi. Dole Charnley ya koma yana buɗe mutanen ɗaya bayan ɗaya yana kwashe abin da ya sa da hannunsa.

A 1962 wani ɗan talla ya kawo asibitin wata roba mai tauri daga Jamus, foliyetilin mai dogayen zaruruwa, wadda ake yin giyar injunan saƙa da ita. Charnley ya danna mata farce, ya ce ɓata lokaci ne. Ma'aikacin ɗakin gwajinsa, Harry Craven, bai ji ba. Ya ɗora ta a injin guga ya bar ta. Bayan mako uku, cin da ta yi bai kai wanda Teflon ke yi a kwana ɗaya ba. Wannan karon Charnley bai yarda da inji kaɗai ba. Ya cusa garin Teflon da na sabuwar robar a ƙarƙashin fatar cinyarsa shi da kansa, ya ga na Teflon ya tayar da ƙulli, ɗayan kuwa shiru. A Nuwamba 1962 ya dasa ƙoƙon foliyetilin na farko, tare da ƙaramin ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 22 da ɗan ɗoriya. Ƙanƙantar da gangan ce: ƙaramin ƙwallo tafiyarsa gajera ce a kowane taku, kuma yana barin wuri a yi ƙoƙon da kauri. Illarsa ita ce ya fi saurin gocewa.

Wannan roba ta riƙe fagen fiye da shekara talatin. Cin da take yi bai taka kara ya karya ba, milimita 0.1 zuwa 0.2 a shekara. Da lissafi kawai za a bi, ƙoƙo mai kauri sai ya kai mai shi kabari bai huje ba. Amma gaɓoɓin sun riƙa yin lako-lako bayan shekara goma zuwa sha biyar, hoton ƙashi ya nuna ramuka kewaye da ƙarfen. An daɗe ana ɗora laifin a kan simintin da ake kafa dashen da shi, har aka raɗa wa matsalar suna cutar siminti. Da aka fara dashe ba siminti, ramukan suka ci gaba da bayyana, sai idanu suka koma kan robar.

Ga abin da ke faruwa. Wannan ɗan ci na shekara, idan aka rarraba shi, ƙwayoyi ne biliyoyi, mafi yawansu ba su kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, wato dai girman ƙwayar cuta ko ƙasa da haka. Dakarun garkuwar jiki masu haɗiye baƙon abu sai su ɗauke su abokan gaba, su haɗiye, su kasa narkarwa. Daga nan sai su saki sinadaran neman agaji, sinadaran kuma su tayar da ƙwayoyin da aikinsu shi ne rushe tsohon ƙashi. Ƙashin da ke riƙe da dashen ya narke a hankali, sau da yawa ba tare da wani ciwo ba, har ranar da ƙarfen zai fara motsi. Likitoci sun lura cewa idan cin bai kai milimita 0.1 a shekara ba, wannan narkewa ba ta cika faruwa ba.

Wani abin takaici kuma, masana'antun da kansu sun ƙara wa robar rauni ba su sani ba. Suna kashe ƙwayoyin cuta a jikinta da hasken gama alhali tana cikin iska, sai iskar ta shiga tana tsofar da ita tun tana kan kanta a sito. Amma hasken nan yana da wani amfani: yana ƙulla zaruruwan robar da juna. A ƙarshen shekarun 1990 aka fara ba ta hasken da yawa da gangan, sannan a dumama ta don kashe ragowar guntayen da ke jawo tsufa. Daga baya wasu suka riƙa zuba mata bitamin E. Cin ya ragu ƙwarai, ramukan ƙashi suka yi wuyar gani, kuma aka sami damar sa ƙwallo mai milimita 32 ko 36 wanda bai cika gocewa ba. A ganina, babu gyaran da ya kai wannan amfani a tarihin aikin, duk da ba shi ne ya fi yin suna ba.

Tangaran ya zo ta Faransa, inda Pierre Boutin ya dasa ƙwallo da ƙoƙo na alumina a 1970. Ya fi sauran tauri da santsi, cinsa kaɗan ne ainun, garinsa bai cika tayar wa jiki hankali ba. Aibinsa biyu: yana iya fashewa, wani lokaci kuma yakan yi ƙara idan mutum ya sunkuya ko yana tafiya, har na kusa ya ji. Na zamani, wanda aka gauraya alumina da zirkoniya, da wuya ya fashe. Shi ya sa ƙwallon tangaran a kan robar da aka ƙulla ya zama zaɓin likitoci da yawa a yau.

Ƙarfe a kan ƙarfe ne ya bar tabo. An yi amfani da shi a Ingila a shekarun 1960, aka ajiye, sannan ya dawo da ƙarfinsa a shekarun 1990 da 2000 a matsayin gaɓar matasa masu jini a jika. A injin gwaji, yawan abin da ke gogewa ya yi ƙasa da na roba nesa ba kusa ba. Abin da injin bai nuna ba shi ne ƙwayoyin sun fi ƙanƙanta, sun fi yawa, kuma suna narkewa su saki kobal da kuromiyam cikin nama da jini. Idan ƙoƙon ya ɗan karkace a wurin dasawa, ƙwallon ya riƙa hawa bakinsa, cin sai ya ninka. Wasu naman kewayen gaɓarsu ya mutu, wasu suka yi ƙullutu masu kama da ƙari. A Agusta 2010 kamfanin DePuy ya janye samfurinsa mai suna ASR, bayan an dasa wa mutum kusan 93,000 a duniya, lokacin da alƙaluman rajistar gaɓoɓi ta Ingila da Wales suka nuna kashi 12 zuwa 13 cikin 100 sun buƙaci sabuwar tiyata cikin shekara biyar. Duk da haka ƙarfe a kan ƙarfe bai mutu gaba ɗaya ba. Wani nau'insa, inda ake yi wa kan ƙashin hular ƙarfe maimakon a yanke shi, yana yi wa maza masu manyan ƙasusuwa kyau. Shi aka yi wa ɗan wasan tanis Andy Murray a Janairu 2019, kuma ya ci gasa a Antwerp a Oktoban shekarar.

Rajista ce ta tona asirin ASR, ba ɗakin gwaji ba. Suwidin ta fara rubuta kowane dashen ƙugu tun 1979, Ostireliya da Birtaniya suka biyo baya. Daga irin waɗannan bayanai masu bincike a Jami'ar Bristol suka wallafa a mujallar Lancet a 2019 cewa kusan kashi 58 cikin 100 na dashen ƙugu yana kai shekara 25. A lura, gaɓoɓin da suka kai waɗannan shekaru da tsohuwar roba aka yi su. Kuma ba ci kaɗai ke kai mutum tiyata ta biyu ba. Akwai gocewa, da shigar ƙwayar cuta, da karaya kusa da ƙarfen, da tsatsa a wuyan da ƙwallon ke zama.

A Turai mafi yawan masu wannan tiyata sun haura sittin. A ƙasarmu kuwa akwai masu sikila, waɗanda toshewar jijiyoyin jini ke kashe musu kan ƙashin cinya tun suna 'yan shekara ashirin ko talatin. Wanda aka yi wa dashe a wannan shekaru, ko a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano ko a ƙasar waje, yana buƙatar gaɓar da za ta yi masa shekara arba'in, kuma a jikin da ke zaman tabarma, da tsuguno, da sujada da zaman tahiya sau biyar a yini. Irin wannan lanƙwasa tana kai ƙwallon bakin ƙoƙo, don haka magana ce da ya kamata a yi da likita kafin a shiga tiyata, domin tana shafar girman ƙwallon da za a zaɓa da yadda za a daidaita ƙoƙon. Ya dace kuma maras lafiya ya riƙe takardar da ke ɗauke da sunan samfurin da kayan da aka yi shi da su, ya riƙa komawa ɗaukar hoton ƙashi lokaci zuwa lokaci ko da ba ya jin komai. Idan aka kama cin da wuri, sau da yawa robar da ƙwallon kawai ake sauyawa, a bar sandar da ƙoƙon ƙarfen a inda suke. Idan aka makara har ƙashi ya rarake, sai an cire komai, an cike gurbin da ƙashin dashe ko ƙarin ƙarfe kafin a kafa sabo.