Ledar fiya wata: shara ce a Zongo, haja ce a Lome

Duk mai bin babbar hanyar da ta taso daga Lome ta ratsa Sokode da Kara da Dapaong har Sinkase ya san yadda leda ta mamaye tashoshi da bakin kasuwa. Tun 2011 gwamnatin Togo ta hana ledar da ba ta ruɓewa, amma har yau da damina ita ke toshe mana kwata, ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida. Ragon da aka yi wata shida ana kiwo don layya ma, in ya cika cikinsa da leda, sai ya rame a rasa dalili.

Ni ɗan kasuwa ne, don haka tambayar da nake yi ita ce: wa ke cin kuɗin wannan shara?

A Lome akwai Zam-Ké, sana'ar da ƙungiyar STEJ Togo ta Aimée Abra Tenu ta kafa. Ana tattara ledojin fiya wata da tsofaffin tamfal na talla, a wanke, a shanya, a yanka, teloli su ɗinka jakunkuna da lalitoci. Masu tarawa su samu, masu ɗinki su samu, ribar kuma ta taimaka wa ayyukan jin ƙai na ƙungiyar. A Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso, matan ƙungiyar GAFREH suna yanka baƙar leda siri-siri su saƙa ta a masaƙa, ta fito kamar yadi.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan harka. Mu ne 'yan jari bola, mu ke narka gwangwani mu zuba tukunya, mu ke yanka taya mu fitar da takalmi da guga. Matsalar ita ce yawancinmu a kilo muke sayar da roba, a loda ta a mota a yi kudu da ita. Riba kuwa tana hannun wanda ya sarrafa.

To me zai hana matan Zongon Sokode da na Dapaong su gwada? Keken ɗinki yana gidaje da dama, adashi yana iya sayen zare da zif da sabulu, mu mazan kuma ga rumfa, ga abokan ciniki daga Lome har bakin iyaka. Amma a kiyaye abu uku. A wanke leda sosai, don jaka mai wari ba ta da mai saye. Kada a ɗinka ɗari kafin a ga goma sun fita. Sannan kada a cire yaro daga makaranta a tura shi bola. A ajiye buhu a wurin masu shayi da masu sayar da ruwa, ledar ta taru da tsabtarta.

Shawarata, a fara da jakar makaranta da ta cefane: ruwa ba ya ratsa su, kuma kowane gida yana bukata.