Wasiyya Da Rabon Gado A Zangon Lome: Tsakanin Malam Da Kotu

A Zangon Lome, kamar sauran zangunan Hausawa na bakin teku, da zarar an yi sadakar uku ko ta arba'in sai maganar gado ta taso. Sau da yawa a nan ne zumuncin shekaru yake watsewa, musamman idan mamaci ya bar gida ko fili. Tun da aka tayar da tsohon Zango daga tsakiyar birni a 1977 aka mayar da jama'a arewacin Lome, wajen Agoè, darajar filaye sai hauhawa take yi, rigima kuma tana biye da ita.

A wurinmu Musulmi tsarin a fili yake. Ana fara cire kuɗin likkafani da jana'iza, sannan a biya bashi, sannan a zartar da wasiyya, abin da ya rage shi ne na magada. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yin ta ga wanda yake da rabo a gadon, sai in sauran magada sun amince. Haka malamanmu na Malikiyya suke karantarwa.

To amma Togo tana da nata tsarin, wanda ya samo asali daga dokokin Faransa. Dokar iyali ta 1980, wadda aka sabunta a 2012, ta san wasiyyar da mutum ya rubuta da hannunsa ya sa kwanan wata da sa hannu, ta kuma san wadda aka yi gaban notar, wato masanin shari'ar da gwamnati ta ba ikon tabbatar da takardu. Bayan rasuwa sai a karɓo takardar shaidar mutuwa daga ofishin magajin gari, a gabatar da wasiyyar a hukumance. Dangi kan zauna su zaɓi mai kula da dukiyar, a rubuta abin da aka yanke, kotu ta tabbatar. Banki ba ya sakin kuɗin mamaci, kuma ba a sauya suna a takardar mallakar fili, sai da irin waɗannan takardu.

Abin lura a nan shi ne, dokar ƙasa ta daidaita rabon ɗa da 'ya, alhali a shari'a namiji yana da rabon mata biyu. Idan magada suka yarda da rabon malam, shi ke nan. Idan kuwa ɗaya ya kai ƙara, alƙali da dokar ƙasa zai yi hukunci, shari'ar fili kuma takan ci shekaru da kuɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare kan shiga.

Shawararmu ga magidanta ita ce, kowa ya rubuta basukansa da kadarorinsa, ya nemi malami ya duba wasiyyarsa, ya kafa shaidu, sannan ya kai ta wurin notar. Wasiyyar baki takan mutu tare da waɗanda suka ji ta, marayu da zawarawa kuma su ne kan kwana a ciki. Allah Ya sa mu cika da kyau da imani.