Raƙumin Dawan Tendaguru: Dabbar da Ta Shekara 95 da Sunan Aro

A babban zauren Gidan Tarihin Halittu na birnin Barlin da ke ƙasar Jamus, akwai wani ƙwarangwal da duk wanda ya shiga sai ya ɗaga kai kafin ya ga ƙarshensa. Tsayinsa daga ƙasa zuwa ƙoƙon kai mita 13.27 ne, wato ya kai tsayin bene mai hawa huɗu. Ƙasusuwan ba na ƙasar Jamus ba ne. An tono su ne a gindin wani tudu mai suna Tendaguru a kudu maso gabashin Tanzaniya, inda dabbar ta rayu kimanin shekaru miliyan 150 da suka wuce. Shekara da shekaru littattafan makaranta suna kiran wannan dabba Brachiosaurus. A yau masana suna kiranta Giraffatitan. Ƙasusuwan dai su ne na jiya, ba a ƙara musu kome ba. To, me ya sa sunan ya sauya? Amsar wannan tambaya za ta nuna wa ɗalibi yadda masana ilimin halittu suke raɗa suna, da yadda suke gyara kuskurensu idan hujja ta bayyana.

Yadda ake raɗa wa halitta suna

Tsarin da ake bi a yau ya samo asali ne daga Carl Linnaeus, masani ɗan ƙasar Suwidin, kuma littafinsa na shekarar 1758 shi ne mafarin ƙidayar sunayen dabbobi. A wannan tsari kowace halitta tana da suna mai kalma biyu cikin harshen Latin ko Girkanci. Kalmar farko ta jinsi ce, wato gidan da ta fito, ta biyu kuma ta nau'i ce, wato ita kanta a cikin gidan. Alal misali, zaki shi ne Panthera leo, damisa kuwa Panthera pardus. Kalmar farko ɗaya ce domin 'yan gida ɗaya ne. Haka doki da jaki suka haɗu a jinsin Equus. Jinsunan da suke kusa da juna su ake tarawa a dangi guda.

Akwai ƙa'idoji biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe. Ta farko ita ce, sunan da aka fara bugawa bisa ƙa'ida shi ne ke tsayawa, kuma ba a ba jinsi biyu na dabbobi suna ɗaya. Ta biyu ita ce, kowane suna yana ɗaure ne da wani samfuri na asali da aka adana a gidan tarihi. Wannan samfuri kamar mudun awo yake a kasuwa: duk wani ƙashi da aka samu daga baya, da shi za a gwada shi kafin a ce na wane ne.

Shi kuwa sunan dainoso, Richard Owen na Ingila ne ya ƙirƙiro shi a 1842. A 1878 Othniel Marsh na Amurka ya raɗa sunan Sauropoda ga rukunin dainoso masu ƙafa huɗu da dogon wuya da doguwar wutsiya da ɗan ƙaramin kai, waɗanda ganyaye ne abincinsu. Dabbar Tendaguru 'yar wannan rukuni ce.

Ƙashin da ya rikita Riggs

Labarin bai fara a Afirka ba. A watan Yuli na 1900, wasu ma'aikatan gidan tarihi na birnin Shikago, ƙarƙashin jagorancin Elmer Riggs, suka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabba kusa da garin Grand Junction a jihar Kolorado ta Amurka. Cikin abin da suka samu har da wani ƙashi mai tsawon mita biyu da ɗoriya. Da farko Riggs ya zaci ƙashin cinya ne da ya lalace. Sai da aka tsabtace ƙasusuwan a ɗakin bincike ya gane ashe ƙashin damtse ne, kuma ya ɗan ɗara ƙashin cinyar na gaskiya tsawo. Wannan abin mamaki ne, domin sauran 'yan rukunin da aka sani a lokacin ƙafafunsu na baya sun fi na gaba tsawo.

A 1903 Riggs ya raɗa wa dabbar suna Brachiosaurus altithorax. Kalmar farko tana nufin ƙadangare mai damtse, ta biyu kuma mai zurfin ƙirji. Sai dai abin da ya samu bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na ƙwarangwal ba. Babu kai, babu wuya. Wannan giɓi shi ne tushen rikicin da ya biyo baya.

Haƙar Tendaguru

A wancan zamani Tanzaniya tana ƙarƙashin mulkin mallakar Jamusawa, kuma kudancin ƙasar bai daɗe da fita daga yaƙin Maji Maji ba, wanda aka gwabza daga 1905 zuwa 1907, ya jawo kisa da yunwa mai tsanani. A 1907 labarin manyan ƙasusuwa da ke kwance a fili kusa da tudun Tendaguru ya isa Jamus ta hannun wani injiniyan haƙar ma'adinai mai suna Bernhard Sattler. A wannan shekara masani Eberhard Fraas na birnin Stuttgart ya je ya gane wa idonsa. Da labari ya tabbata, shugaban sashen nazarin duwatsu na gidan tarihin Barlin, Wilhelm von Branca, ya shiga tara kuɗi domin a yi gagarumar haƙa.

An yi aikin daga 1909 zuwa 1913, kuma Werner Janensch da Edwin Hennig ne suka fara jagorantarsa. Turawa 'yan kaɗan ne a wurin. Ɗaruruwan 'yan ƙasa su ne suka nemo ƙasusuwan, suka haƙa, suka tsabtace su, suka naɗe su. Shugabansu shi ne Boheti bin Amrani, mutumin da ya ƙware wajen gane ƙashi da fitar da shi daga dutse ba tare da ya karye ba. An riƙa cusa ƙananan ƙasusuwa a cikin ɓawon 'ya'yan kuka, wasu kuma a cikin ganguna da aka saƙa da gora. Daga nan 'yan dako su ɗauka a ka ko a kafaɗa, su yi tafiyar kwanaki a ƙasa zuwa tashar jirgin ruwa ta Lindi, mai nisan kimanin kilomita 60. Kayan da suka isa Barlin ta wannan hanya sun haura tan 200.

A 1914 Janensch ya bayyana mafi girman dabbobin da aka samu. Ya ga damtsenta dogo ne kamar na dabbar Riggs, sai ya sa ta a jinsin Brachiosaurus, ya kira ta Brachiosaurus brancai domin girmama Branca. Ya kuma raɗa wa wasu ƙasusuwan suna Brachiosaurus fraasi, amma daga baya aka gane duk nau'i ɗaya ne, sunan na biyu ya faɗi. Janensch bai yi ganganci ba. Ya gwada abin da ke hannunsa da ɗan abin da aka buga game da dabbar Amurka, kuma kamar da ya gani ta gaskiya ce.

Baƙo ya zama mai gida

Da yake ƙasusuwan Tendaguru sun fi na Kolorado cika nesa ba kusa ba, har da kai da wuya, sai duniya ta san Brachiosaurus ta fuskar dabbar Afirka. A 1937 aka harhaɗa ƙwarangwal ɗin a Barlin daga ƙasusuwan dabbobi fiye da ɗaya. An sauke shi aka ɓoye a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka mayar da shi bayan yaƙin, sannan a 2007 aka sake harhaɗa shi bisa sabon ilimi. Yawancin zane-zanen da ke cikin littattafai masu ɗauke da sunan Brachiosaurus daga wannan ƙwarangwal aka kwaikwaye su.

Siffar dabbar ta cancanci a tsaya a kanta. Tsawonta daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya kimanin mita 22 ne. Raƙumin dawa irin wanda ake gani a yankin Kure kusa da Yamai yana da gaɓoɓin ƙashin wuya 7, daidai da na ɗan Adam, sai dai nasa dogaye ne. Ita dabbar Tendaguru 13 gare ta. Abin da ya ba ta ikon ɗaukar irin wannan wuya shi ne gaɓoɓin cike suke da ramuka da kogunan iska, irin na tsuntsaye, don haka ba su da nauyin da girmansu ke nunawa. Game da nauyin jikinta kuwa ƙiyasi ya sha bamban: a 1962 Edwin Colbert ya ce ta kai tan 78, a 2009 kuma wani lissafin ya sauko da ita kusan tan 23. An kuma sami wani siririn ƙashin ƙauri a Tendaguru da ya fi na ƙwarangwal ɗin Barlin tsawo da kashi 13 cikin ɗari, abin da ke nuna akwai waɗanda suka fi shi girma.

Kama da wane ba ta wane

Wanda ya fara ɗaga murya shi ne Gregory Paul, mai bincike kuma mai zanen ƙwarangwal ɗan Amurka. A 1988, yayin da yake zana dabbar daidai da awon kowane ƙashi, ya lura gaɓoɓin gadon bayan dabbar Kolorado ba su yi daidai da na dabbar Tendaguru ba. Sai ya ware ta Afirka a wani ƙaramin reshe a cikin jinsin, ya kira reshen Giraffatitan, ma'ana ƙaton raƙumin dawa. A 1991 George Olshevsky ya ɗaga wannan suna ya mai da shi jinsi mai zaman kansa. Amma yawancin masana ba su bi su ba, domin ba a yi cikakken gwaji ƙashi da ƙashi ba.

Wannan gwajin shi ne Michael Taylor na Ingila ya buga a 2009. Ya ɗauki kowane ƙashi da ake da irinsa a ɓangarorin biyu, ya auna, ya kwatanta, ya fito da bambance-bambance 26. Ya nuna cewa gangar jikin dabbar Amurka ta fi tsawo da kimanin kashi 23 cikin ɗari, wutsiyarta ta fi girma, ita kuma ta Afirka ta fi siririn jiki. Ya kammala da cewa dangi ɗaya ne, wato Brachiosauridae, amma ba jinsi ɗaya ba. Da yake sunan Brachiosaurus yana ɗaure da samfurin Riggs, can Amurka ya tsaya. Dabbar Tendaguru ta koma Giraffatitan brancai, shekara 95 bayan Janensch ya ba ta sunan farko. Kalma ta biyu ba ta sauya ba, saboda nau'in da Janensch ya bayyana yana nan daram, gida kawai aka sauya masa. Shi kansa Taylor ya buga gyara a 2011, bayan da ya gano ya yi kuskure wajen faɗin wane ƙwarangwal ne samfurin asali na dabbar.

Ya kamata ɗalibi ya lura cewa babu wani ma'auni da ya yanke yawan bambancin da zai sa a raba jinsi gida biyu. Hukunci ne na masana, kuma wasu sun yi ja da wannan rabuwa a farko. Abin da ya ba ta ƙarfi shi ne binciken da wasu masanan suka yi daga baya ya riƙe ta.

Amfanin wannan gyara

Suna linzami ne, in ji Hausawa, kuma a kimiyya ma yana jan tunani. Muddin ana kiran dabbobin biyu da suna ɗaya, mai nazari zai ɗauka jinsi guda ne ya bazu daga Amurka har Afirka ta Gabas, ya kuma kafa hujja da hakan a kan yadda nahiyoyi suke haɗe a wancan zamani. Haka nan zai cakuɗa awon dabbobi biyu ya fitar da siffar wata dabba da ba ta taɓa rayuwa ba. Irin wannan gyara ya faru da wasu ma. Wata dabbar Tendaguru da aka daɗe ana sa ta a jinsin Barosaurus na Amurka, a 2006 Kristian Remes ya mayar mata da sunanta na da, Tornieria. Wata kuma ta ƙasar Fotugal da aka kira Brachiosaurus a 1957 ta zama Lusotitan a 2003.

Akwai kuma batun wanda ake tunawa da shi a cikin suna. Sunayen farko na dabbobin Tendaguru na Jamusawa ne. Sai a 2007 Remes ya raɗa wa wata dabbar wurin suna Australodocus bohetii domin girmama Boheti bin Amrani. A 2019 aka sami Wamweracaudia keranjei, sunan da ya haɗa al'ummar Wamwera ta yankin Lindi da Mohammadi Keranje, wanda ya jagoranci haƙo ƙasusuwan. A Tanzaniya kuma an sha yin kira da a mayar da ƙasusuwan Tendaguru ƙasar da aka tono su, tun da a ƙarƙashin mulkin mallaka aka kwashe su.

Ƙasar Nijar ma tana da nata rabon a wannan fage. A 1999 Paul Sereno da abokan aikinsa suka bayyana wata dabba 'yar wannan rukuni da aka tono a yankin Ingal na jihar Agadas, suka kira ta Jobaria tiguidensis, daga sunan Jobar, wata halitta a tatsuniyoyin Abzinawa, da kuma sunan tsaunin Tigidit. Ita ma ba ta tsira daga gyara ba, domin a 2009 wasu masana suka nuna duwatsun da aka same ta a ciki sun girmi abin da aka zata da miliyoyin shekaru.

Saboda haka, malamin da ya tarar da hoton ƙwarangwal ɗin Barlin a tsohon littafi an rubuta Brachiosaurus a ƙarƙashinsa, kada ya yi watsi da littafin. Ya sa ɗalibai su rubuta Giraffatitan brancai a gefen hoton, su rubuta shekarun 1914 da 1988 da 2009, sannan ya tambaye su wace hujja ce ta sa aka sauya sunan a kowane mataki.