Daren da Muka Kwana a Ƙofar Ɗakin Tiyata

'Yarmu mai shekara 5 ta yi mako biyu tana zazzaɓi, muna ta ba ta maganin maleriya. Ashe taifod ne, har ya huda mata hanji. Likita ya ce sai tiyata a daren, kuma a nemo jini. Matasan ikkilisiya suka bayar, matan zumunta suka kwana da mu cikin addu'a.

Bayan aikin aka hana ta ci da sha, sai ƙarin ruwa. Tana kukan ƙishi, uwar na jiƙa mata leɓe da auduga. A rana ta uku ta fitar da iska, nas ta ce hanji ya farka. Muka durƙusa muka gode wa Ubangiji.

'Yan'uwa, in zazzaɓi ya ƙi jin magani, a hanzarta kai yaro asibiti. Addu'a ba ta hana ganin likita.