Takardun Rowland Hill da Gardamar Kan Sarki

An haifi Rowland Hill a Kidderminster ta ƙasar Ingila cikin shekara ta 1795, ya rasu 1879. Da fari malamin makaranta ne, kuma cikin 1835 ya ƙago wata na'urar ɗab'i mai juyawa. Amma abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne gyaran sha'anin gidan waya.

A zamanin nan gwargwadon nisan tafiya ake biyan kuɗin wasiƙa, galibi kuwa wanda aka aika wa shi ke biya. Wasiƙa daga London zuwa Edinburgh takan ci fiye da sule guda, talaka kuwa sau da yawa ya kan ƙi karɓar tasa don rashin hali. Cikin 1837 Hill ya buga ɗan littafi, ya nuna da lissafi cewa ainihin kuɗin ɗaukarta bai kai ko kashi ɗaya cikin talatin na kwabo ba. Saboda haka ya ce a yi kuɗi ɗaya ko'ina, mai aikawa ya biya tun da fari. Aka soma haka ran 10 ga Janairu 1840, kwabo ɗaya ga rabin oza. Cikin Mayu aka fito da 'yar takarda mai hoton kan Sarauniya Victoria, watau kakar abin da Hausawa ke kira kan sarki.

Hill mutum ne mai ajiye rubutu. Littattafan da yake rubuta al'amuran aikinsa na yau da kullum suna Gidan Tarihin Waya a London, ɗan ɗan'uwansa George Birkbeck Hill kuwa da takardunsa ya dogara ya fitar da tarihinsa cikin 1880.

Amfaninsu ya bayyana bayan rasuwarsa, sa'ad da Patrick Chalmers ya ce ubansa James, mai sayar da littattafai a Dundee, shi ya fara ƙago kan sarki tun 1834. Shaidunsa tunanin tsofaffin ma'aikata ne. Pearson, ɗan Hill, ya amsa da rubutu mai kwanan wata, gama ran 13 ga Fabrairu 1837 ubansa ya bayyana wannan dabara gaban hukumar bincike.

Duk da haka, Hill ya yi rigima da manyan gidan waya har aka sallame shi cikin 1842, kuma yana rubutu ne yana kare kansa. Mai bincike sai ya gwama nasa da na abokan gardamarsa, gama ba a yanke shari'a da jin bakin mutum ɗaya.